Ayarin Duwatsu: Fataucin Ma'adinai a Ƙasar Zuru da Yawuri

Ƙasar Zuru, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ƙasa ce ta tuddai da duwatsu da ƙoramu, kuma waɗannan duwatsu sun shiga tarihinta ta fuska biyu, domin a kansu ne mutanenta suka fake a zamanin hare-haren neman bayi, a ƙarƙashinsu kuma akwai jijiyoyin farin dutsen nan da ake kira ƙanƙara, wanda zinariya take maƙalewa a cikinsa. Irin wannan dutse ya miƙe tun daga Maru da Anka a Zamfara har zuwa Birnin Yawuri kusa da Kogin Kwara, kuma masana ilimin ƙasa da sunan Zuru suke kiran ɗaya daga cikin shimfiɗun tsofaffin duwatsun da ke ɗauke da shi. Mutanen da suka fi yawa a ƙasar su ne Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, sai Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauran ƙabilu, tare da Hausawan da suka daɗe da zama a garuruwan kasuwa. An yi rubutu a kan noman waɗannan mutane da al'adunsu da jarumtarsu a aikin soja, tun daga bayanan da P. G. Harris ya buga a 1938 har zuwa littafin da A. R. Augi da S. U. Lawal suka tattara a 1990, amma matsayin ƙasar a cikin fataucin ma'adinai bai samu kulawar da ta kamace shi ba, alhali kuwa shi ne yake bayyana abubuwa da yawa da ake gani a bakin ramukan haƙa a yau.

Manyan hanyoyin fatake na da sun kewaye ƙasar Zuru ta ɓangare uku. Ta arewa akwai hanyar da ta fito daga Kano da Katsina ta ratsa Zamfara ta bi Gummi da Jega, sannan ta ƙetare Kwara ta wajen Illo ko Gaya. Ta kudu akwai wadda ta bi Zariya da Birnin Gwari da Womba da Kulfo ta faɗa ƙasar Bargu. Ta yamma kuma kogin kansa hanya ne, wanda jiragen ruwa suke bi daga Sayi su wuce Yawuri su gangara ƙasar Nufe. Duk waɗannan hanyoyi rassa ne na abin da aka sani da hanyar Gwanja, wato hanyar goro, wadda Tarihin Kano ya ambaci buɗe ta a zamanin Sarki Abdullahi Burja a tsakiyar ƙarni na 15, kuma Mahdi Adamu, masanin tarihi ɗan ƙasar Yawuri, ya nuna a littafinsa na 1978 yadda ta watsa Hausawa da harshensu har cikin ƙasashen Ashanti da Dagomba. Tsakanin manyan hanyoyin akwai ƙananan turakun da suka ratsa ƙasar Zuru kanta, kuma ba abin mamaki ba ne da gidajen sarauta da dama na yankin suke danganta asalinsu da Katsina ko Kabi ko Zamfara, tun da inda farke ya saba yada zango nan ne jikansa yake kafa gida.

Ayari, kamar yadda fatake suka san shi, ƙungiya ce mai shugabanci da doka, wadda takan haɗa mutum ɗaruruwa, wani lokaci ma dubu ɗaya ko biyu, domin tafiya cikin yawa ita ce kariyar da ɗan kasuwa yake da ita a dajin da babu sarki guda mai iko da shi. Shugaban ayari shi ne madugu, wanda ake zaɓa saboda sanin hanya da sanin sarakunan da ke kanta da iya magana a gabansu, domin shi ne yake daidaita kuɗin da za a biya a kowace ƙofa da kuma fito, wato ladan ƙetarar da mutane da dabbobi a kogi. Jagaba shi ne mai shiga gaba ya duba lafiyar hanya ya zaɓi wurin kwana, uban dawaki kuma mataimaki ne mai kula da tattara kuɗin da aka yanka wa kowa gwargwadon kayansa, sannan ba a rasa malami mai duba ranar tashi, mai rubuta wasiƙa da lissafin bashi. A garin Gummi, wanda yake maƙwabtaka da ƙasar Zuru ta arewa, aka yi cibiyar Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin rukunonin fatake uku da suka mamaye cinikin goro a ƙarni na 19, sauran biyun su ne Agalawa da Tokarawa, kamar yadda binciken Paul Lovejoy ya tabbatar. A 1826 Baturen nan Clapperton, wanda aka sani a Sakkwato da sunan Abdullahi, ya gamu da irin wannan ayari a Kayama ta ƙasar Bargu yana dawowa daga Gwanja, ya kuma ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura dubu, dabbobin kaya kuma kamar yawansu.

Da rani ake tafiya, bayan ƙoramu sun janye an kuma kammala girbi, lokacin da abinci yake da araha a ƙauyukan hanya. Tun da asuba ake ɗaure kaya, a daidaita mangala a bayan jaki ta yadda gefe ba zai rinjayi gefe ba, a ɗora taiki a kan takarkari, mata da bayi da 'yan dako su ɗauki nasu a ka, a yi ta tafiya har rana ta take tsaka, sannan a sauka a zango, wato filin da aka keɓe wa baƙi a bayan gari. Nan take ake sauke dabbobi a duba bayansu ko kaya sun yi musu miki, a kafa bukkokin ganye, matan garin su fito da fura da tuwo da dawa da itacen wuta, kasuwa ta ci har magariba. Tafiya daga Kano zuwa Salga, kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, takan ɗauki wata biyu zuwa uku, kuma idan aka haɗa da zaman ciniki da jiran wucewar damina, sau da yawa shekara takan zagayo kafin farke ya sake ganin iyalinsa.

Goro ne ya yi suna a wannan hanya, amma kaso mai yawa na abin da jakuna suke ɗauka zuwa kudu daga cikin ƙasa aka tono shi. Kanwa ta Barno da Muniyo ita ce kan gaba, domin ana buƙatarta a miya da magani da taba da kiwon dabbobi, kuma ba ta lalacewa komai nisan tafiya. Sai gishirin kwarin Foga, wanda Baturen nan Barth, mai laƙabin Abdulkarim, ya ga ana dafa shi daga ƙasa mai gishiri lokacin da ya ratsa wurin a 1853 a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi. Tozalin da mata da maza suke sa wa ido daga ramukan Arufu da Zurak na ƙasar Binuwai yake fitowa, kuza kuma maƙeran Riruwai ne suke narka ta su zuba ta siri-siri kamar tsinke don ta yi sauƙin ɗauka. Tare da waɗannan ake haɗa turkudin Kura da jar fata da gabu, wato busasshen ganyen albasa, da dawakai. Wanda ya dubi wannan jeri zai gane cewa ayarin Bahaushe ya dogara da mahaƙa kamar yadda ya dogara da masaƙa da marina, sai dai mahaƙan ba su bar suna a tarihi ba.

Dutsen ado da ya fi kowane alaƙa da wannan yanki shi ne lantana, jan dutse mai tauri wanda yake ɗaukar sheƙi idan aka goge shi, dangin dutsen da ake yin tsakiya da shi. Ana haƙo shi a wajen Kirtashi, a gaɓar Kwara ƙasa da Sayi, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, kuma fatake Hausawa ne suke sayensa ɗanye daga hannun mahaƙa su zuba shi a jiragen ruwa, su gangara da shi ta Gaya da Illo da Yawuri. Wannan tafiya ta ruwa tana da nata ma'abota, domin Sarkawa da Gungawan tsibiran Yawuri su ne suka san zurfin kogin da duwatsunsa a sama, Kyadyawan Nufe kuma su ne masu jiragen ruwa a ɓangaren ƙasa na kogin, tsakaninsu kuwa akwai gangaren ruwan Busa mai haɗari, inda Mungo Park ya halaka a 1806, wanda yakan tilasta a sauke kaya a ɗauka a ka a kewaye. Daga wajen Jabba sai dutsen ya hau tudu, a kai shi Ilori, inda unguwar Gambari ta Hausawa take da masu masauki da dillalan da suke haɗa baƙo da mai saye su karɓi la'ada. Kowane mataki na wannan tafiya yana da mai cin abinci a cikinsa, tun daga sarkin da ya karɓi fito har zuwa matuƙin jirgi, kuma kuɗin kowa a kan farashin dutsen yake hawa.

A Ilori ne dutsen yake zama dukiya. Masu sana'ar asalinsu daga tsohuwar Oyo suke, sun komo Ilori bayan rushewar birninsu a shekarun 1830, kuma yadda suke aikin, kamar yadda Ann O'Hear ta bayyana a bincikenta, ya isa a tsaya a kansa. Mai gwaninta yakan fara da fasa dutsen da ɗan ƙarfe har ya kusanci siffar da yake so, sannan ya riƙe shi da yatsun ƙafa, ya ɗora wani siririn tsinken ƙarfe a kansa yana bugawa da 'yar guduma a hankali, yana murza tsinken tsakanin yatsu bayan kowane bugu, yana shafa masa man ja, har rami ya kai tsakiya, sai ya juya ya faro daga ɗaya ƙarshen don ramukan biyu su haɗu. Kuskuren bugu guda yana iya tsaga dutsen da ya yi tafiyar makonni a ruwa. Bayan huda sai gurza a kan dutsen niƙa da ruwa, aikin da yake cin ƙarfi da lokaci, wanda mata da yara da bayi suke taimakawa a kai, daga ƙarshe a goge a kan katako mai santsi har jan ya fito ya yi ƙyalli. Sarakunan Yarbawa da manyan fadar Bini su ne manyan masu sayen waɗannan duwatsun wuya, domin a wurinsu alamar sarauta ce, kuma a Bida ma, wadda ta shahara da masaga masu narka gilashi, akwai masu goge irin wannan dutse.

Abin da tarihin lantana yake nunawa a fili shi ne rabon riba. Mahaƙin Kirtashi ya sayar da dutse a matsayin dutse, farke ya ci ladan sanin hanya da jure wahalarta, mai huda na Ilori ya ci ladan gwanintarsa, kuma sunan Ilori ne ya bi dutsen har cikin gidajen tarihi na duniya, ba sunan ramin da ya fito ba. Haka abin yake a wasu ƙasashe masu nisa: a tsakiyar hamadar Ostareliya, inda aka gano dutsen ofal mai launuka a Coober Pedy a 1915, garuruwan haƙa sun rayu ne da ayarin raƙuman da Musulmi 'yan Afganistan da Indiya suke kora, masu kai musu gari da kayan aiki, har lokacin da mota da jirgin ƙasa suka karɓe aikin, manyan kasuwannin dutsen kuwa suna can biranen gaɓar teku da Turai. Garin haƙa, ko a ina yake, bai cika mallakar hanyar da ta haɗa shi da mai saye ba, kuma wanda ya riƙe hanyar shi ne yake yanka farashi.

Rabon mutanen ƙasar Zuru a zamanin ayari ya haɗa amfani da cuta, kuma cutar ta fi nauyi. Su manoma ne na gaske, waɗanda al'adar golmo, wato noman da saurayi yake yi wa surukansa shekara da shekaru tare da tsararrakinsa kafin a ba shi mata, ta horar da su ga aiki tuƙuru, saboda haka dawarsu ta ciyar da matafiya, maƙeransu kuma sun san narka tama su fitar da ƙarfen fartanya da mashi. Amma hanyar da take ɗaukar kanwa ita ce take ɗaukar mutane, domin bawa haja ne a kasuwannin wancan zamani kuma ɗan dako ne a cikin ayarin kansa. Bayan Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya kafa Kwantagora a shekarun 1860, hare-hare a kan Kambari da Dukkawa da Dakarkari sun tsananta, suka ci gaba a zamanin ɗansa Ibrahim har zuwa 1901 da sojojin Ingila suka ci garin. Ƙauyukan da aka gina a kan duwatsu, da ganuwar dutse da har yanzu ake ganin kufanta a wasu wurare, shaida ce ta abin da kusanci da babbar hanya ya jawo wa mutanen da ba su da iko a kanta. Duk marubucin da zai yabi tsarin ayari, kuma tsarin ya cancanci yabo ta fuskar amana da iya shiri, wajibi ne ya faɗi wannan tare da yabon.

Mutuwar ayari ta zo a hankali cikin shekara kamar arba'in. Cin Kumasi da Ingila ta yi a 1874 ya karya ikon Ashanti a kan kasuwar goro, yaƙin basasar Salga na 1892 ya watsa zangonta, yarjejeniyar iyaka ta 1898 tsakanin Ingila da Faransa ta bar Kirtashi a hannun Faransa, Yawuri da Ilori kuma a hannun Ingila, sannan gwamnatin Gwamna Lugga ta ɗora wa fatake harajin ayari wanda sai a 1907 aka soke shi. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko ya hau dogo, manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wanda shi ma Ba'agale ne da ya fara da hanyar Gwanja, suka juya ga gyaɗa. Sana'ar lantana ta durƙushe a shekarun 1920 da 1930, saboda duwatsun ado na gilashi da na masana'antun Turai sun cika kasuwa da araha, bayin da suke gurza kuma sun samu 'yanci sun watse. Madatsar ruwa ta Kainji da aka gama a 1968 ta shanye tsohuwar Busa da gangaren ruwanta da tsibirai da yawa na Yawuri.

Zinariya ce ta maye gurbin lantana, amma a ƙarƙashin wata doka dabam. Tun a 1900, lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja, an mai da ma'adinai mallakar gwamnati, aka kuma yi wa kamfanin alkawarin rabin kuɗin da za a samu daga haƙa a babban ɓangaren Arewa har shekara 99, ba tare da an tambayi mai gona ko sarkinsa ba. An fara fitar da zinariya a hukumance a 1913, amma sai a shekarun 1930, bayan Ingila ta saki ma'aunin zinariya a 1931 farashinta ya tashi, aka yi rububin da ya kawo Turawa da Kwarori masu lasisi zuwa Minna da Birnin Gwari da Zamfara da Birnin Yawuri. Su ke da takarda, talakawa ke da ƙwarya da gatari, suna wanke yashin ƙorama su kawo abin da suka samu a auna a biya su yadda mai lasisi ya ga dama, da yawansu kuma neman kuɗin haraji ne ya fito da su. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da wannan rububi, domin gwamnati ta karkata ga kuzar Jos, har ta yi ta kwasar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas tsakanin 1942 da 1944.

Haƙar da ake yi a yau a Birnin Yawuri da sassan Fakai da ƙasar Zamfara ta gaji siffofi da yawa daga wancan zamani. Da zarar labari ya bazu cewa rami ya yi albarka, cikin 'yan makonni daji yakan zama gari na rumfunan leda da buhu, da masu abinci da masu shayi da masu cajin waya da injinan niƙa, samari daga Sakkwato da Katsina da Nijar da Barkina Faso suna shiga rami da igiya da fitila a goshi, wani mai kuɗi yana ciyar da su bisa sharaɗin shi za a sayar wa. A niƙe dutsen ya zama gari, a wanke, a zuba zaiba ta kama zinariyar, a ƙona a kan wuta zaibar ta tashi hayaƙi, mai ƙonawa yana shaƙa. Babur ya karɓi aikin jaki, kuma abin da aka samu yakan bi hannu-hannu zuwa Kano ko ya ƙetare iyaka ya ƙare a Dubai, kamar yadda shuɗin dutsen Mambila da na ƙasar Jama'a da duwatsun Nasarawa Eggon suke ƙarewa ɗanye a Bankok da Jaifur inda ake yanka su a goge. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da za a kama idan abu ya lalace, domin madugu sananne ne, yana da gida da suna da zai kare, mai sayen zinariya na yau kuwa sau da yawa lambar waya ce kawai. A 2010 an ga iyakar wannan rashin tsari a Zamfara, lokacin da niƙa dutse mai gubar dalma a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, har sai da ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta shigo aka kankare ƙasar gidajen aka yi wa dubban yara magani.

Gwamnati ta gwada hani ta kuma gwada saye. An haramta haƙa a Zamfara a watan Afrilun 2019 saboda matsalar 'yan bindiga, aka ɗage haramcin a Disambar 2024, a tsakani kuma, a Yulin 2020, aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari da sandar zinariya mai nauyin kilo 12.5 wadda Babban Bankin Nijeriya ya saya a kan naira miliyan 268, ƙarƙashin shirin tsara haƙar masu ƙaramin ƙarfi wanda Kebbi take cikin jihohin da aka fara da su. Tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun bar mallakar abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, amma wannan bai ɗauke wa masarautun Zuru da Yawuri da gwamnatin jiha nauyin mutanen da ke samanta ba. Abin da ya kamata su nema a bayyane yake: a san kowane rami da mai ɗaukar nauyinsa da suna, a gwada dutse kafin a niƙa, a fitar da niƙa daga cikin gidaje, a kafa wurin saye mai ma'auni na gaskiya kusa da mahaƙa, a kuma koya wa samarin yankin tace zinariya da yankan dutse da gogewa, tun da nan ne riba ta zauna tun zamanin lantana. Malaman tarihi na jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi kuma su hanzarta zuwa Gummi da Jega da Yelwa da Wasagu su ɗauki bayanin jikokin fatake da na masu jiragen ruwa, tun dattawan da suka ji labarin daga bakin waɗanda suka yi tafiyar suna raye.